Da wace tiya ake auna gidan tsofaffi? Abin da tarihin Faransa ya nuna

Hausa ba ta riga ta tsaida suna guda ga gidan da ake kai tsoho a bar shi hannun ma'aikata ba. A Kano suna cewa gidan gajiyayyu, a rediyo muna jin gidan tsofaffi, kuma duka biyun Bahaushe yana faɗinsu ne da nauyin baki, kamar mai ambaton abin kunyar maƙwabci. Faransanci kuwa sunaye sun yi masa yawa. Ya kira wurin nan hôpital général, ya kira shi dépôt, ya kira shi hospice, ya koma maison de retraite, yau kuma ga shi da haruffa biyar, EHPAD, waɗanda ko Bafaranshe sai ya ɗan yi tunani kafin ya warware su. Duk wanda ya koyar da harshe ya san ba a sake wa abu suna har sau biyar a banza. Galibi tsohon sunan ne ya yi wari, har aka rasa mai son ganinsa rubuce bisa ƙofa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Maradi ko Tawa da wannan zance. Da ruwansu. Ɗaliban da suka tafi Faransa cikin shekarun 1970 da 1980, da waɗanda aure ko aiki ya zaunar da su can, yanzu furfura ta gama rufe su. Ƴaƴansu suna fita aiki tun safe sai dare, suna zaune cikin ɗaki biyu ko uku a saman bene, babu zaure, babu tsakar gida, babu jikanya ko matar ƙane da za ta wuni tana leƙa tsohuwa. Ranar da uwa ta fara manta tukunya bisa wuta, ko uba ya faɗi a makewayi ya karya ƙugu, likita zai kawo maganar gidan tsofaffi, maganar kuma ta iso Damagaram ta waya, a ce dangi su ba da shawara bisa abin da ba su taɓa gani ba. Za a turo hotuna: lambu, ɗaki mai labule, farashi. To, da wace tiya za a auna? Faransawa sun yi ƙarnuka suna wannan awo, sun sha sake tiya, kuma dalilan da suka sa su sakewa sun fi kowace takardar talla amfani ga mai neman inda zai kai nasa.

Kalmomin hospice da hôpital da hôtel uwarsu ɗaya, kalmar Latin hospes, wadda ke nufin baƙo, take kuma nufin mai masaukinsa. Asibitinmu da otel ɗinmu duk jikokinta ne. Gidajen farko masauki ne na sadaka, ana karɓar matafiyi da majinyaci da tsoho ba tare da an rarrabe su ba. Wanda ya fi suna shi ne na garin Beaune, da Nicolas Rolin, wazirin sarkin Burgoñ, ya kafa tare da matarsa Guigone de Salins a 1443. Har yanzu ƴan yawon buɗe ido suna tururuwa su ga rufinsa mai launi-launi da babban zaurensa mai tsawon mita 50, inda aka jera gadaje kimanin 30, kowane na ɗaukar mutum biyu, ana iya hango wurin ibada daga kwance. Rolin bai ɓoye niyyarsa ba, takardar kafa gidan ta nuna ceton ransa yake nema. Tiyar wancan zamani ladan mai bayarwa take aunawa, kuma abin da ke nuna girman ladan shi ne kyan gini. Wannan tiya ba ta mutu ba. Ita ce har gobe ake fara nuna wa dangi ranar da suka zo duba gida.

A watan Afrilu na 1656 aka fito da wata. Sarki Louis na 14 ya sa hannu bisa dokar da ta kafa Hôpital général na Paris, wanda ba asibiti ba ne yadda muka san asibiti. An hana bara cikin birni, an ɗauki dogarai suna kama mabarata, ana kai mata Salpêtrière, tsohuwar masana'antar albarushi, ana kai maza Bicêtre. Cikin ƴan shekaru mutanen da aka tsare sun kai wajen 6,000, kuma a 1662 aka umurci sauran biranen ƙasar su yi haka. Tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ta samu kanta gida ɗaya da mahaukata da masu farfaɗiya da marayu da matan da aka kama bisa titi. Michel Foucault ya yi dogon nazari bisa wannan kulle a littafinsa na tarihin hauka na 1961. A nan gida mai kyau shi ne wanda ya share tituna. Ba a gina shi don na ciki ba, don na waje aka gina shi, kuma mai neman gida ga mahaifinsa ya kamata ya tambayi kansa wannan tambaya a ɓoye kafin ya tambayi kowa: hutun wa nake nema?

Mutumin da ya fara shiga waɗannan wurare da abin awo a hannu likitan fiɗa ne, Jacques Tenon, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. A watan Disamba na 1772 gobara ta ci wani babban sashe na Hôtel-Dieu, tsohon asibitin da ke gindin majami'ar Notre-Dame. Aka yi shekaru ana gardama, a sake gina shi nan ko a kai shi wani wuri. A 1785 aka miƙa maganar ga majalisar masana kimiyya, ta naɗa kwamiti mai manyan sunaye, har da Lavoisier da Laplace da Coulomb da Bailly, da shi Tenon. Masu gudanar da asibitin suka hana kwamitin shiga da duba littattafansu. A lura da wannan, domin za mu sake gamuwa da rufaffiyar ƙofa. Sai dai Tenon ya san gidan ciki da waje tun yana ɗalibi. Ya kuma ƙetara Ingila tare da Coulomb a 1787, suka bi asibitoci da gidajen talakawa suna dubawa, sannan a 1788 ya buga rahotonsa bisa gidaje 48 na Paris, da na majinyata da na gajiyayyu.

Tenon bai tsaya yabon masu sadaka ba, bai kuma tsaya zaginsu ba. Ya auna faɗin gado, ya auna tsawon ɗaki da bisansa, ya raba iskar ɗakin da yawan masu shaƙarta, ya duba inda ake zubar da ƙazanta da inda ake ɗibar ruwa, ya lura da matakalar da ake hawa da marar lafiya. Ya tarar Hôtel-Dieu na da gadaje sama da 1,200, kuma manyan cikinsu, masu faɗin kimanin mita ɗaya da santimita 40, ana kwantar da mutum huɗu, wani lokaci shida, kan wani wajen ƙafar wani, mai samun sauƙi kusa da mai shirin cikawa. Sannan ya yi abin da ya fi kowane awo zafi, ya ƙirga gawa. A Hôtel-Dieu cikin mutum 9 da suka shiga 2 ba su fita da rai. A asibitin Charité, cikin birni guda, inda kowa ke da gadonsa, 2 ne cikin 15. Babu wa'azin da ya kai wannan lissafi ƙarfi. Shekara ɗaya bayan haka juyin juya hali ya tashi, sababbin asibitoci huɗu da aka tsara ba a gina su ba, amma hanyar Tenon ta zauna: kada ka tambayi mai gida niyyarsa, tambayi abin da ke samun wanda ke kwance.

Ƙarni na 19 ya raba majinyaci da tsoho. Asibiti ya zama na wanda ake sa ran ya warke, hospice na wanda aka fidda rai da shi. Daga 1823 zuwa 1887 sunan Salpêtrière a takardun hukuma gidan tsufa na mata ne, Bicêtre kuma gidan tsufa na maza. Dubban tsofaffi cikin dogayen zauruka, tufafi iri ɗaya, ƙararrawa ta tashe su, ƙararrawa ta kwantar da su, fita sai da izini, wanda ya yi laifi a hana shi fitar. Miji da mata da talauci ya kawo tare sau da yawa a ƙofa suke rabuwa. Likita Charcot, wanda duniya ta sani da ilimin jijiyoyi, a jikin waɗannan tsofaffin mata ya yi darussansa na cututtukan tsufa cikin shekarun 1860; kimiyya ta ƙaru da su fiye da yadda suka ƙaru da ita. A gefe guda kuma, cikin sanyin 1839, a garin Saint-Servan, wata ƴar aikin gida mai suna Jeanne Jugan ta goyo wata makauniyar tsohuwa ta kwantar da ita bisa nata gado, daga nan ƙungiyar Petites Sœurs des Pauvres ta samo asali, ta bazu ƙasashe da yawa.

Akwai abin da ya kamata malamanmu su riƙa faɗa wa ɗalibai, domin muna yawan cewa Nasara ba su san haƙƙin iyaye ba. Kundin dokokin Napoléon na 1804, a aya ta 205, ya wajabta wa ƴaƴa ciyar da iyayensu mabukata, kuma ayar tana aiki har yau. Alƙali na iya yanka wa ɗa abin da zai riƙa biya na zaman mahaifiyarsa a gidan tsofaffi. Waɗanda suka cika zaurukan hospice galibi marasa kowa ne, ko waɗanda ƴaƴansu ma ba su da na tuwo. Dokar 14 ga Yuli 1905 ita ta fara ɗora wa hukuma nauyin duk wanda ya kai shekara 70 ba shi da abin hannu, ko a ba shi ɗan kuɗi yana gidansa, ko a ba shi gado. Kuɗin ritaya ga yawancin ma'aikata sai bayan 1945 ya kankama.

Darasi mafi amfani na ƙarni na 20 daga Ingila ya zo. A 1935 aka damƙa wa wata likita, Marjory Warren, tsohon gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da asibitin West Middlesex, da mutum 714 a ciki, akasarinsu kwance, an rubuta cewa ba su warkewa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba, abin da ba a taɓa yi musu ba. Ta tarar da yawa ba cuta ce ta kwantar da su ba, kwanciyar ce ta zama cutarsu: an bar su bisa gado har gaɓoɓi suka sandare, jiki ya yi gyambo. Ta sa aka rage tsawon gadaje, aka ƙara haske, aka tashe su zaune, aka koya musu tafiya, da dama suka koma gidajensu. Wanda ya shiga gidan tsofaffi da hantsi ya tarar da shiru, kowa na kwance cikin farin zane, kada ya yi saurin cewa ga natsuwa. Ya ƙirga nawa ne ke sanye da tufafinsu na rana, nawa ne ke zaune, nawa ne ke tafiya ko da da sanda.

Faransa ta biyo baya a hankali. Rahoton Pierre Laroque na 1962 ya ce a bar tsoho a gidansa muddin zai yiwu, a kai masa taimako can. Simone de Beauvoir ta fitar da littafinta bisa tsufa a 1970, ta bayyana halin zaurukan hospice yadda ya girgiza masu karatu. Dokar 30 ga Yuni 1975 ta ba da shekara 10 a kawar da hospice ɗin baki ɗaya, gadaje sama da 200,000, amma aikin ya ja har ƙarshen ƙarnin. Aka rushe zauruka, aka yi ɗakuna, aka sa wa kowane makewayi. Ba ƙaramin ci gaba ba ne mutum ya samu ƙofar da zai rufe. Sai dai tiyar ta koma ta Rolin cikin sabon tufafi, faɗin ɗaki da kyan bango, a daidai lokacin da masu shigowa suka canza. Tunda an taimaki mutane su daɗe a gidajensu, wanda ke zuwa yanzu ya kai wajen shekara 86, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu gigin tsufa ya riga ya kama su. Irin wannan baƙo bango ba ya ba shi abinci a baki.

Tsakanin 1997 da 2002 aka shigo zamanin takarda. Aka raba kuɗin zama gida uku: na masauki da abinci, wanda tsoho da danginsa ke biya, na taimakon yau da kullum, wanda hukumar yanki ke ɗaukar wani kaso, na magani, wanda asusun lafiya ke biya. Aka tsara wani ma'auni mai suna AGGIR da ke jera tsofaffi hawa shida, daga na 1, wanda ba ya iya komi da kansa, zuwa na 6, mai cin gashin kansa. Dokar 2 ga Janairu 2002 ta wajabta yarjejeniyar zama a rubuce, da takardar haƙƙoƙi, da majalisar da mazauna gidan da danginsu ke da kujera a ciki. Sunan EHPAD daga wannan gyara ya fito.

Shekara ɗaya da rabi bayan dokar, zafi ya gwada ta. Cikin makonni uku na farkon Agusta 2003 Faransa ta yi asarar mutum kusan 15,000 fiye da yadda aka saba, akasarinsu tsofaffi, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar a gidajen tsofaffi suka cika. A Paris zafin ya kusa digiri 40 da rana. Mutumin Tawa da ya saba da 45 a watan Afrilu zai yi mamaki, amma kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san sirrin: tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji, sai an miƙa masa moɗa, an tsaya ya sha, an dawo an sake miƙawa, an jiƙa masa zane. Aiki ne na hannu da na lokaci, ga shi kuma watan hutu ne, ma'aikata sun ragu, dangi sun tafi bakin teku. Ranar 3 ga Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais waɗanda babu wanda ya zo nemansu, shugaba Chirac na tsaye. Bayan haka aka wajabta wa kowane gida ɗaki mai na'urar sanyaya iska da tsarin ko-ta-kwana, aka kuma ɗora wa ma'aikatan ƙasar aikin yini guda a shekara ba lada, kuɗin ya tafi asusun tsofaffi da naƙasassu. Na'ura abu ce da mai bincike zai gani ya sa alama. Hannun da zai tura keken tsohuwa zuwa ɗakin mai sanyi ya fi wuyar ƙirgawa.

Masu hannun ne suka fito da maganar da kansu. A 2017, a ƙauyen Foucherans na yankin Jura, mataimakan jinya na wani gida mai zaman kansa suka yi yajin aiki na kwana 117, ƴar jarida Florence Aubenas ta kai labarinsu shafin farko na Le Monde. Kukansu na mintoci ne: ƴan mintocin da ke gare su su tashi mutum, su wanke shi, su sa masa tufafi, su wuce ɗaki na gaba. Ranar 30 ga Janairu 2018 yajin ya game ƙasa. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe ƙofofin gidajen ga dangi, makonni tsofaffi na ɗakunansu, fiye da 10,000 suka rasu cikin gidajen a zagayen farko kaɗai, da yawa ba tare da ganin fuskar nasu ba. A 2021 hukumar kare haƙƙin jama'a, ƙarƙashin Claire Hédon, ta nemi a tsaida aƙalla ma'aikaci 8 ga kowane tsoho 10. Abin da ake da shi ya ɗan haura 6, kuma cikin shidan nan har da mai dafa abinci da akawu da mai gyaran lambu, a raba su kuma safe da maraice da dare da ranar hutu. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

Saura tiya ɗaya da mutane suka amince da ita, watau farashi. A 2019 matsakaicin kuɗin ɗaki ya kai wajen yuro 2,000 a wata, sefa miliyon ɗaya da dubu 300 ke nan, abin da ya fi kuɗin ritayar yawancin tsofaffin. Mai hali yakan ce bari in biya mai tsada in huta da zullumi. A watan Janairu na 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da Les Fossoyeurs, watau masu haƙa kabari, bayan binciken shekara uku bisa kamfanin Orpea, wanda aka kafa a 1989, ya shiga kasuwar hannun jari a 2002, ya mallaki gidaje sama da dubu a ƙasashe fiye da ashirin. Littafin ya fara ne da wani gidan kamfanin a Neuilly, unguwar masu kuɗi, inda ɗaki mafi araha ya kai wajen yuro 6,500 a wata, sama da sefa miliyon huɗu. A can ne shaidunsa suka ce ana ƙayyade ƙunzugun manya uku a yini, kuma littafin ya ce abin da kamfanin ke kashewa bisa abincin mutum guda a yini bai wuce yuro huɗu da ƴan kai ba. Kamfanin ya musanta da farko, amma cikin kwanaki ya sallami babban daraktansa. Masu binciken gwamnati suka tabbatar da manyan kurakurai, gwamnati ta kai maganar gaban shari'a, kamfanin ya amince ya maido da yuro miliyon 55.8 na kuɗin jama'a. A 2023 ya koma hannun wasu masu zuba jari ƙarƙashin asusun gwamnati na Caisse des dépôts, a 2024 kuma ya zama Emeis. An sake suna ke nan.

Ina masu bincike suke duk wannan lokaci? Kotun da ke bin diddigin kuɗin gwamnati ta ba da amsa a 2022: bisa yadda ake tafiya, gida na iya yin shekara 20 zuwa 30 kafin a zo duba shi sau ɗaya. Gwamnati ta yi alkawarin bin gidajen duka, wajen 7,500 masu ɗauke da mutum kimanin 600,000. Da aka ba da sakamako a 2025, gidaje 55 aka yi wa hukunci mai tsanani, amma kusan kashi biyu cikin uku na binciken bisa takardu aka yi shi, ba wanda ya taka ƙafa ya je. Tenon da aka hana shiga ya fi su ganin ciki.

A ganina gyaran da ya fi kowane nauyi shi ne mafi ƙanƙanta a ido. Dokar 8 ga Afrilu 2024 ta ba mazaunin gida haƙƙin karɓar baƙon da yake so kowace rana, ba sai an sanar da masu gidan tukuna ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ɗan da ke neman wuri ga uwarsa ya je ranar da aka ba shi, ya sha shayin darakta, sannan ya koma ranar Lahadi da maraice ba sanarwa. Ya tsaya lokacin cin abinci ya ga ko mai ba da abinci a baki zaune take ko tsaye, mutum nawa take ciyarwa a lokaci guda, da ƙarfe nawa ake kai mutane kwana, domin inda ake kwantar da tsofaffi tun rana ba ta faɗi ba, jadawalin ma'aikata ake bi. Ya tambayi mutum nawa ke kwana aiki da dare da tsofaffi nawa ke hannunsu, ya san cewa gidaje da yawa ba su da ma'aikaciyar jinya a wurin da dare. Ya tambayi mai shara shekararta nawa a gidan. Inda fuskoki ke canzawa kowane wata, ba wanda zai lura yau Hajiya ba ta ci kamar jiya ba. Ya nemi ganin abin da majalisar dangi ta rubuta a zamanta na baya. Ya kuma san ko gidan na hukuma ne, ko na ƙungiyar da ba ta neman riba, ko na ƴan kasuwa, da ko yana karɓar tallafin masauki na hukuma, tallafin da bashi ne a gaskiya, ana cire shi daga abin da mamaci ya bari kafin magada su taɓa.

Kada wannan tarihi ya sa mu hura hanci. A Nijar waɗanda suka haura shekara 65 ba su kai 3 cikin 100 ba, a Faransa sun wuce 20 cikin 100. Ba a gwada mu da irin nauyinsu ba tukuna. Kulawar da muke alfahari da ita kuma, in an duba, bisa wuyan mace ɗaya take, suruka ko ɗiyar da aure ya mutu, wadda ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu, ba ta da inda za ta yi yajin aiki. Mun san tsofaffin da ke bara a ƙofar masallatan Yamai, mun san tsohuwar da ba ta haihu ba yadda bakin unguwa ke saurin laƙa mata maita, kuma Damagaram ta san dalilin da ya sa aka keɓe unguwar Kara-Kara ga kutare. Mu ma muna da namu 1656.

Ko gidan ya ci duk wannan jarrabawa, kyansa daban, dacewarsa da naka daban. A farkon 2023 Faransa ta ɗage wa tsofaffin sojojin Afirka, rundunar da kakanninmu na nan ma suka yi wa aiki, sharaɗin zaman wata shida a ƙasarta kowace shekara kafin su karɓi kuɗin tallafin tsufa. A watan Afrilu tara daga cikinsu, masu shekara 85 zuwa 96, suka bar ƙananan ɗakunansu na Bondy suka hau jirgi zuwa Senegal, ƙasar da likitanta bai kai na Faransa ba. Sun auna da tasu tiya. Wanda ba shi da halin komawa, dole a tambaya masa abubuwan da takardar talla ba ta ambata: wane nama ake dafawa, ko za a yarda a kawo masa fura ko tuwo daga gida, ko mace ce za ta yi wa mace wanka, ko akwai wanda zai taimaka masa da alwala ya juya kujerarsa gabas, da wanda za a kira in rai ya yi halinsa, kafin a taɓa gawar.

Sai kuma harshe, wanda shi ya fi damuna a matsayina na mai koyar da biyun. Likitocin gigin tsufa sun daɗe da lura cewa harshen da mutum ya koya daga baya shi ke fara zubewa, na nono ya saura. Matar da ta yi shekara arba'in tana aiki da Faransanci a Lyon tana iya wayar gari ba ta da sauran kalmar neman ruwa sai ta Hausa. Ma'aunin AGGIR yana duba wanka da sa tufafi da cin abinci da tashi da tafiya, amma layukansa biyu na farko su ne ko maganar mutum na kan hanya, da ko ya san inda yake da ranar da ake ciki. Da Faransanci ake yin tambayar. Tsohuwa ta amsa daidai, ta faɗi sunan garinsu da na mahaifinta, ta ce yau Laraba, mai riƙe da alƙalami bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma hawan da zai rubuta mata yana cikin abin da za a duba wajen yanke kuɗin da za a biya da ɓangaren gidan da za a kai ta, mai buɗaɗɗiyar ƙofa ko mai kulle. Ranar wannan awo, ɗa ko jika mai jin Hausa ya nemi izini daga wurin aikinsa, ya zo ya zauna kusa da ita.